Zuwa Ga Masu Duban Wata da Malaman Lissafin Taurari na Anka, Gummi da Bukkuyum

 

Roƙo ɗaya gare ni: ku riƙa rubuta abin da kuke gani a sama. Ku ne ake jira ranar 29 ga Sha'aban kafin labari ya bi ta fada zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Ku ne manomi ke tambaya ko Kaza da 'ya'yanta ta fito. Amma yawancin wannan sani a ƙirji yake, kuma duk tsohon da ya rasu da nasa yake tafiya.

Muna da magabaci a wannan hanya. Malam Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari daga Katsina, ya rasu a Alƙahira a 1741. Har yau ana nazarin littafinsa kan lissafin hatimi, domin ya sa alƙalami.

A Amurka kuma an yi George Ellery Hale, wanda aka haifa a Chicago a 1868. Tun yana saurayi ya ƙera na'urar ɗaukar hoton rana da launin haske guda ɗaya. A 1908 ya tabbatar cewa baƙaƙen tabon da ke fitowa a fuskar rana suna ɗauke da ƙarfin maganaɗisu. Sai dai babban gadonsa shi ne gidajen da ya gina wa ilimin: cibiyar Yerkes a 1897, ta dutsen Wilson a 1904, sannan ta Palomar, wadda aka buɗe a 1948, shekara goma bayan mutuwarsa. A dutsen Wilson an riƙa zana tabon rana a takarda kowace safiyar da sama ta washe tun 1917, wani ya gaji ya miƙa wa wani. Da madubin hangen nesa mai faɗin inci 100 na wannan cibiya Edwin Hubble ya nuna a 1929 cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi. Hale ya gina, wani ya zo ya gani.

Ba sai kun mallaki irin madubinsa ba. Ku tsayar da wuri guda da yamma ke buɗe. In bayan gari babu tsaro, soron masallaci ya wadatar. Ku ajiye littafi: kwanan wata, lokacin faɗuwar rana, wanda ya duba, ko akwai hazo ko hadari. Ranar da ba a ga jinjirin wata ba ma ku rubuta, domin ita ce ke gwada gaskiyar ranar da aka ce an gani.

Ku kafa sanda miƙaƙƙiya a fili, ku riƙa auna inuwarta da zawali. A yankinmu za ku tarar inuwar tana shigewa gindin sandar sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta. Almajirin da ya ga haka da idonsa ba zai manta ba. Gani ya kori ji.

Ita kuwa rana, kada ku bar kowa ya ƙura mata ido, ko da baƙin tabarau ko gilashin da aka turara da hayaƙi. A huda kwali, a bar haskenta ya sauka kan farar takarda. Manyanmu sun tuna husufin 29 ga Maris 2006, da safiya ta yi duhu a Gusau, Katsina da Maraɗi. Wani na tafe ranar 2 ga Agusta 2027, zai rufe rana gaba ɗaya a Makka da Jidda, mu kuma mu ga sashensa. Ku shirya yara tun yanzu.

A ƙarshe, kowannenku ya ja ɗalibai biyu ko uku a jiki, har da na sakandare. Duk ƙarshen shekara a kwafi littafin, a kai ɗaya fada, ɗaya makaranta. Wanda zai amfana da shi wataƙila ba a haife shi ba tukuna, amma ladan sadaka mai gudana naku ne.

Allah ya ƙara muku basira, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.

Wassalam,
Ɗalibinku mai ƙaunarku