Bishiyar Ado: A San Asalinta Kafin A Haƙa Mata Rami

A duwatsun Roki da ke yammacin Amurka akwai wata bishiya da Turawa ke kira bulu-sufurus, masana ilmin tsirrai kuwa suna kiranta Picea pungens. Tsayinta yakan kai mita 20 ko fiye, faɗi a gindi, tsini a sama, kamar hasumiya. Kyanta ya sa an kai ta lambunan Turai da na sauran ƙasashe masu sanyi, yanzu kuma hotunanta na yawo a wayoyin hannu. Ba abin mamaki ba ne shugaban wata makaranta a Rano ko Kibiya ya gan ta, ya yi sha'awar jera irinta a bakin ƙofa. Kafin a kashe kuɗi da ruwa, ya kamata a yi tambaya biyu: wace bishiya ce wannan, kuma wace irin ƙasa ce ta haife ta?

Gane ta ba shi da wuya. Ganyenta siriri ne kamar allura, tsawon santimita 2 zuwa 3, kowace allura a kan ɗan tudunta a jikin reshe. Allurar tana da kusurwa huɗu, saboda haka takan mirgina idan aka murza ta tsakanin yatsu biyu, tana kuma suka. Ma'anar pungens ke nan da Latin, wato mai tsini. Shuɗin da ake gani wani farin kaki ne da ya lulluɓe ganyen, yana rage masa asarar ruwa da zafin hasken rana. In an goge shi da yatsa sai kore ya bayyana. Ba ta yin fure irin na mangwaro; irinta na cikin wani ƙwanso mai ɓawo-ɓawo, kamar ƙaramin goyon masara, mai rataye a reshe.

Wannan bayani yana da amfani ko a nan gida. A garuruwan Arewa ana dasa wata bishiya mai siraran ganye da ke feɗuwa in iska ta kaɗa, mutane da yawa na ɗaukarta dangin sufurus. Ita ce Casuarina, asalinta Ostireliya da gaɓar tekun kudu maso gabashin Asiya. Abin da ya yi kama da allura a jikinta ƙananan rassa ne masu gaɓa-gaɓa, in an ja ɗaya sai ya tsinke daidai kan gaɓa. Ɗalibin da ya san wannan ba za a sayar masa da wata a sunan wata ba.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. Bulu-sufurus tana tsirowa a tudun da ya kai mita 1,800 zuwa 3,000, galibi a bakin ƙoramu, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Tohonta yakan yi barci a lokacin sanyi, ba ya kuma farkawa yadda ya kamata sai ya sha sanyin makonni da dama. Ƙasar Rano da Kibiya kuwa tudunta kimanin mita 500 ne. Ruwan sama na sauka daga Mayu zuwa Satumba, sauran watanni rani ne, a Afrilu zafi kan kai maki 40. Sanyin hunturu, duk da kaifinsa, bai kai inda take bukata ba. Ko a Amurkan ma, da aka dasa ta a jihohi masu ɗumi da laima, cututtuka dangin funfuna sun riƙa kakkaɓe mata ganye daga ƙasa zuwa sama. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani zai ce ai darbejiya da mangwaro ma baƙi ne, ga su sun cika gari. Gaskiya ne. An shigo da darbejiya Borno a 1928, ta kuma bazu ko'ina a Arewa. To amma asalinta yankin Indiya ne, inda akwai zafi da dogon rani irin na ƙasar Hausa. Ashe baƙunci ba laifi ba ne, rashin dacewa da yanayi shi ne matsala. Bugu da ƙari, ita ma nasarar darbejiya tana da illa: ta sa an yi sakaci da itatuwan gida, har makaranta guda takan cika da iri ɗaya tak, yayin da gatari da masu gawayi ke cinye sauran a daji.

Alhali kuwa ƙasar da ke tsakanin duwatsun Rano, Rurum da Tarai ba ta rasa itatuwan ado ba. Gurjiya takan fito da jajayen furanni a tsakiyar hunturu, lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. Haka minjirya. Sansami kan lulluɓe da fure mai ruwan hoda a cikin rani. Tuntun ɗorawa ja wur yakan rataye kamar ƙwallo, daga baya a sami kalwar daddawa. Maɗaci na yin doguwar inuwa, shi ya sa aka jera shi a titunan Nassarawa ta Kano tun zamanin Turawa. Mai son ganye mai ruwan toka-toka kuwa ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya tsiro da rani, ya ƙara wa ƙasa taki, ya ciyar da dabbobi da 'ya'yansa. Duk waɗannan, in sun kafu, ba sa bukatar a ɗebo musu ruwan rijiya kullum.

Abin da ya fi dacewa a ɗauko daga tarihin bulu-sufurus shi ne yadda ta sami daraja. A 1892 'yan makarantun jihar Kolorado suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓe ta, a 1939 kuma hukuma ta tabbatar da ita bishiyar jihar. Yaran nan ba su nemo ta daga wata nahiya ba, a duwatsun garinsu suka gan ta. Makarantun sakandaren Rano da Kibiya na iya yin haka. Malamin kimiyyar halittu ya fita da ɗalibai su ƙirga itatuwan harabar makaranta, su duba ganye, ɓawo, fure da 'ya'ya, su tambayi dattawa da maharba sunan kowanne, sa'an nan a liƙa masa allo da sunan Hausa da na Latin. Tun 1916 J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa; abin kunya ne a ce jikokin waɗanda suka gaya masa sunayen ba su san su ba. Inda aka yi shakka, a busar da ganye da fure tsakanin takardu, a kai wa masana tsirrai na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello.

Daga nan sai reno. Irin gawo da na ɗorawa suna da taurin ɓawo, sai an kankare shi kaɗan ko an jiƙa a ruwan zafi. Na maɗaci ba ya jure ajiya, a shuka shi da wuri. A yi renon a leda tun watan Maris, a dasa a Yuli in ƙasa ta jiƙu, cikin rami mai zurfin rabin mita, nesa da gini. A kewaye dashen saboda awaki, a lura da gara, a ba shi ruwa a ranin farko da na biyu.

Dashen da bai dace ba yakan mutu kafin ɗaliban da suka dasa shi su gama makaranta, ya bar musu tunanin cewa dashe wahala ce kawai. Wanda ya dace kuwa 'ya'yansu ma za su yi karatu a inuwarsa. Masu iya magana sun ce tun ran gini, tun ran zane.