Dinyarka tana haki? Kada ka yi mata maganin kintace

Aikina zagayen azuzuwan yaƙi da jahilci ne. Ina shiga ƙauyukan Mirriya da Magarya da Matamaye, ina kuma shiga unguwannin birnin Damagaram. A gidaje da dama nakan tarar da dinya tana takawa a tsakar gida cikin kaji da agwagi. Wasu don ƙawa suke ajiye ta. Wasu don gadi, domin baƙo ba ya shiga gida dinya ta yi shiru. Yara sukan saba da ita har su laƙaba mata suna. In ta sami kulawa tana iya yin shekara 15 a gida ko fiye.

Amma ranar da ta fara buɗe baki tana haki, a nan yawancinmu muke yin kuskure. Ra'ayina shi ne: kada a ba dinya magani sai an san abin da ke damunta. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure, shi ya sa nake son mu yi maganar.

Abin da ya same ni

Wata shekara, bayan ɗaukewar damina, ina da dinya biyu, mace da namiji. Sai na ga macen tana miƙa wuya, tana buɗe baki, tana girgiza kai kamar abu ya maƙale mata. Na tafi kasuwa wajen wani mai tallan magani. Na ce masa: "Malam, dinyata tana haki." Bai tambaye ni komai ba. Ya ce: "Mura ce, Malam, ga kafso." Na jiƙa a ruwa, na kama ta, na ɗura mata. Kwana huɗu ina yi. Ba ta warke ba, sai rama. A kwana na shida ta mutu.

Bayan ƴan kwanaki namijin ya fara irin wannan haki. Wannan karo na ɗauke shi cikin kwando zuwa ma'aikatar kiwo. Malamin dabbobi ya yi mini tambayoyi, ya duba bakinsa, ya karɓi kashinsa ya duba da madubin likita. Ya ce tsutsa ce. Ya auna nauyinsa, ya ba da maganin da ya dace, ya rubuta mini ranar maimaitawa. Namijin ya tashi. Kuɗin da na kashe a kansa bai kai wanda na zubar wajen kafso ba. Garin gyaran gira na rasa ido.

Haki ɗaya, cuta iri iri

Haki alama ce kawai. Abubuwa huɗu ne suka fi kawo shi, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan.

Na farko, tsutsar maƙogwaro. Ja ce, siririya, tana maƙale a hanyar numfashi tana shan jini. Ƙwayayenta suna fita da kashi su zauna a ƙasa mai laima. Tana, wato tsutsar nan ta ƙasa da ke fitowa da damina, tana haɗiye su. In dinya ta ci tana ko ta yi kiwo a wurin, sai ta kamu. Ƙanana sun fi wahala, domin maƙogwaronsu ƙarami ne, tsutsa kaɗan ta isa ta toshe shi. Akwai kuma tsutsar ƙundu. Ita tana shiga ƙarƙashin fatar nan mai tauri ta cikin ƙundu tana ci. Ba ta sa haki da kanta, amma tana ramar da dinya, ta rage mata jini, har kowace cuta ta sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, funfuna. Dusar da ta sha laima, hatsin da ya kwana a jiƙe, ƙaiƙayin shimfiɗa da ya ruɓe, duk suna yin funfuna. In dinya ta shaƙi ƙurarta, funfunar tana tsira a huhunta. Sai ta riƙa haki, sau da yawa ba tare da majina ba, tana ramewa a hankali. Maganin tsutsa ba ya kashe funfuna. Kafso ma ba ya kashe ta. Kuma in ta kama sosai warkewa tana da wuya. Kariya ita ce a zubar da abincin da ya canza launi ko wari, kada a ce asara ne.

Na uku, mura ta ƙwayoyin cuta. Ta fi yawa da hunturu, lokacin sanyi da ƙura. Alamarta majina, hawaye, atishawa, da kumburi a ƙasan ido. Akurki marar iska mai zarnin kashi yana ƙara ta. Wani irin wannan mura yana jin magani, amma malamin dabbobi ne zai zaɓi irinsa da yawansa.

Na huɗu shi ne mafi haɗari: murar tsuntsaye.

Mu tuna da Magarya

Wannan ba labarin nesa ba ne. A farkon watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye mai suna H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna ta Najeriya. Kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a ƙasarmu, a jikin agwagin gida a Magarya, cikin jaharmu ta Damagaram. Wani ɗakin bincike na birnin Padova a ƙasar Italiya ne ya tabbatar. Daga baya hukuma ta karkashe tsuntsayen gida a yankin don cutar ta tsaya. A farkon 2007 kuma cutar ta kashe wata mata a Legas. Bayan haka ta sha komowa a Afirka ta Yamma.

Ku lura, a jikin agwagi aka same ta a Magarya. Agwagwa da dinya ƴan uwan juna ne, tsuntsayen ruwa. Suna zuwa tabki, suna cuɗanya da tsuntsayen daji. Wasu daga cikin na daji daga Turai suke tasowa kowace shekara, su sauka a tabkunanmu irin na Gidimuni da na kwarin Korama. Agwagwa tana iya ɗauke da cutar tana yawo lafiya, kaji kuwa su zube.

Ga alamun da ba a wasa da su. Tsuntsaye da yawa su mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Kai ya kumbura. Wuya ya murɗe, tsuntsu yana tangaɗi ko yana zagaye. Zawo kore. In ka ga haka, ba zancen magani ba ne. Kada ka yanka, kada ka ci, kada ka kai kasuwa. Hana yara taɓawa. Wanke hannu da sabulu. Sanar da mai gari da ma'aikatar kiwo a ranar.

Abin da masu musu ke cewa

Na yi wannan magana a wani aji, wani dattijo ya ce: "Malam, dinya ce fa, ba saniya ba. A kanta zan bar aikina in tafi gari?" Na ce: "Baba, da gaskiyarka, tafiya tana da wahala. Amma dinyar ba ita kaɗai take kwana a gidan ba. Kasko ɗaya take sha da kajin iyalinka, jikokinka kuma suna rungumarta." Kajin nan su ne asusun mata. Da su ake sayen sabulu da littafin makaranta da maganin yaro. Wanda ya duba lafiyar dinya, dukiyar gidan duka ya duba. Kuma ba kullum sai an je gari ba. A ƙauyuka da yawa akwai mataimakan kiwo da aka horar, masu aiki ƙarƙashin likitan dabbobi. Ana iya kiransu da salula.

Wata ɗaliba ta ce: "Malam, in mun faɗa, za a zo a karkashe mana kaji." Wannan tsoro ba na banza ba ne, mutanen Magarya sun gani da idonsu. Amma mu yi lissafi. In murar tsuntsaye ce, kajin za su mutu ko an faɗa ko an ɓoye. Ɓoyewa tana ƙara kajin maƙwabta ne a kan naki, ta kuma jefa ƴaƴanki cikin haɗari. In kuwa ba ita ba ce, kin huta da fargaba, kin sami magani. A nan ina kira ga hukuma ita ma: duk wanda aka kashe wa tsuntsaye a biya shi diyya cikin hanzari. Talakan da ya san za a biya shi ba zai ɓoye ba.

Wasu kuma suna cewa iyayenmu da barkono da toka suka yi kiwo. Ban raina iyaye ba, sun san tsabtar akurki da ware marar lafiya. Amma barkonon da aka ɗura ciki yake tafiya, tsutsar kuwa tana hanyar iska. Wasu suna zura gashin tsuntsu a maƙogwaro don fito da tsutsa. Wannan yana jin ciwo, yana kuma iya tura tsutsar ƙasa ta toshe numfashi gaba ɗaya.

Yadda ake ba da maganin tsutsa

Ba kowane maganin tsutsa ke kashe kowace tsutsa ba. Mai suna piperazine manyan tsutsotsin hanji yake fitarwa, ba ya taɓa ta maƙogwaro. Levamisole da flubendazole da fenbendazole suna cikin waɗanda likitoci ke amfani da su ga tsutsar maƙogwaro da ta ƙundu. Amma levamisole in ya yi yawa guba ne. Akwai kuma ƙwayoyin tsutsar kaji masu ɗauke da niclosamide. Likitocin dabbobi sun yi gargaɗi cewa niclosamide yana iya cutar da dinya. Saboda haka abin da ya yi wa kaza ba lalle ya yi wa dinya ba. Ku kwafi waɗannan sunaye a littafinku, ku riƙa gwada su da abin da ke rubuce a jikin kwali.

Da nauyi ake auna magani. Kazar gida ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, babbar dinya kuwa tana kai kilo 4 ko 5. Saka ta a kwando, ka rataya a sikeli, ka cire nauyin kwandon. Ka faɗa wa malamin dabbobi, shi zai yanke awo. Ka tambaye shi abu biyu: yaushe za a maimaita, kuma kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama. Duba ranar lalacewar magani. Wanda ya sha rana a kan faifan mai talla ƙarfinsa ya ragu.

Wajen kamu kuma a yi hattara. Tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi, in ka matse ƙirjin ka shaƙe shi. Ƙofar maƙogwaro tana gindin harshe. Wanda ya kwarara ruwa da ƙarfi, ruwan huhu zai tafi. Ina kyautata zaton ɗurar da na yi ta ƙara wa dinyata wahala.

Rigakafi ya fi magani

A ba tsuntsayen gida maganin tsutsa a kan lokaci, musamman da faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta, bisa shawarar malamin dabbobi. A ba su duka a rana ɗaya, a share kashi a kai shi nesa.

Mun san ruwa yana da tsada a Damagaram. Dinya ba ta buƙatar tabki. Bokiti ɗaya ya isa, muddin za ta iya nutsa kanta duka ta wanke hanci da ido. A canza ruwan kullum, a zuba tsohon ga shuka.

Dinya mai cin ciyawa ce. Da rani a nemo mata ɗanyen ganye, kamar zogale da ragowar salati na lambu. Rashin ɗanyen ganye yana raunana hanyar numfashi.

A ajiye dusa a wuri busasshe, bisa dutse ko katako. A bar wa akurki taga. Sabon tsuntsun da aka sayo a kasuwar Dole ko ta Mirriya a ware shi mako biyu zuwa uku kafin ya shiga cikin na gida. Marar lafiya ma a ware shi tun ranar farko. Wanda ya mutu a binne shi da zurfi, kada a jefa shi bayan gida.

Amfanin karatunku

Ƴan uwa, da can in aka miƙo mana kwali sai mu duba launinsa kawai. Yau kuna iya karanta suna da lamba da kwanan wata. Ku ware shafi ɗaya a littafinku don tsuntsayen gida. Ku rubuta ranar da ciwo ya fara, abin da kuka gani, abin da tsuntsun ya ci, da yawan waɗanda suka kamu. Malamin dabbobin da aka kai wa wannan takarda ya sami rabin aikinsa. A aji mai zuwa ku karanta wannan shafi tare, kowa ya faɗi abin da ya taɓa gani a gidansa. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu lafiya, ya albarkaci kiwonmu, amin.