Batirin farar wuta: a tambayi caji nawa yake jurewa

Kusan duk shekara sai an sake yayata labarin nan, wai masana sun ƙera batirin da zai ninka na wayarka sau biyar, kuma da farar wuta aka yi shi. Farar wutar nan dai da masu magani ke sayarwa ƙulli-ƙulli a kasuwa, ake shafa wa ƙazuwa, maharba kuma su haɗa albarushi da ita. Labarin yana da tushe, amma masu ba da shi sukan tsaya daidai inda daɗinsa ya ƙare.

Batir ɓangare biyu ne da ruwa a tsakani. A batiran litiyum na wayoyi da motoci da yawa, ɓangaren da ake kira katod shi ne mai cin kuɗi, domin da kobalt ko nikel, ko duka biyun, ake yin sa. Kimanin kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Kongo-Kinshasa ake haƙo shi, fiye da rabin nikel kuma daga Indonesiya. Farar wuta kuwa, wadda ake so ta maye gurbinsu a katod, rarar matatun mai da iskar gas ce, dole a tace ta daga fetur da dizal, har ta taru tsibi-tsibi a wurare irin Alberta ta Kanada. Ga arha, ga rashin nauyi. A lissafin takarda, giram ɗaya nata yana riƙe mAh 1,675, ma'aunin nan da ake rubutawa a jikin batirin waya, alhali katod mai nikel yana wajen 200. Wa zai ga wannan bai yi kwaɗayi ba?

To, sai dai farar wuta ba ta barin lantarki ya ratsa ta. Dole a cakuɗa ta da kabon, shi kuma kabon nauyi ne da ba ya riƙe caji. Idan batirin yana aiki, tana haɗuwa da litiyum ta kumbura da kusan kashi 80 cikin 100, a yi caji ta saɓe, a haka har katod ɗin ya tsattsage. Babbar cutar ma ba nan take ba. Kafin farar wuta ta gama rikiɗa, takan bi ta wasu matakai da ake kira folisalfaid, waɗanda ke narkewa a ruwan batir yadda sukari ke narkewa a shayi. Da sun narke sai su yi iyo zuwa ɗaya ɓangaren, wanda na litiyum ne, su ci shi, wasu su dawo, wasu su maƙale can. Kowane caji batirin yana asarar kaɗan daga jarinsa, ko a ajiye yake cajin na zurarewa.

A 2009 Linda Nazar da ɗalibanta a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka narkar da farar wuta cikin wani kabon mai ramuka ƙanana ƙwarai, don ta sami hanyar lantarki, ta sami wurin kumbura, kuma a rage mata gudu. Wannan aiki ne ya farfaɗo da fagen. Tun daga nan aka gwada girafin, wani nau'in kabon, aka gwada sinadaran ƙarfe masu kama folisalfaid, aka ɗaure farar wuta a jikin roba. Ɗaurin yana aiki, amma sai farar wutar ta gaza rabin nauyin katod ɗin. An toshe ɓaraka, riba ta ragu.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da sakamakon. Galibin gwaje-gwajen da ke yin amo, da ɗan batiri mai girman kwabo ake yin su: farar wuta 'yar kaɗan, ruwa ya yi mata ambaliya, litiyum kuma lafcece fiye da buƙata. Sai a raba ƙarfin da nauyin farar wutar kaɗai, a fito da lamba mai ƙayatarwa. In aka zo yin babban batir, aka rage ruwa da litiyum domin ya yi sauƙin ɗauka, rayuwarsa sai ta gajarce. Kamfanin Oxis Energy na Ingila ya nuna batira masu riƙe makamashi sama da Wh 400 a kilo ɗaya, alhali na litiyum masu kyau suna tsakanin 250 da 300. Duk da haka ya durƙushe a 2021. Sion Power na Amurka, wanda batiransa na farar wuta suka riƙe jirgi maras matuƙi Zephyr mako biyu cur a samaniyar Arizona a 2010, daga baya ya karkata ga wani nau'in katod.

Ni a ganina tafiyar Zephyr ta nuna inda kasuwar wannan batir take: sama, inda kowane giram yake da farashi, kuma mai kaya ba ya jin ciwon sauya batir bayan caji 'yan ɗaruruwa. Mai sola a Kano ko Maraɗi ba nauyi ne ya dame shi ba, batirinsa jingine yake da bango. Shekaru yake nema, kuma nau'in LFP, wanda babu kobalt babu nikel a cikinsa, yana jure caji dubbai. Kada wani ɗan kasuwa ya ce maka ka jira na farar wuta.

Ban ce a yanke ƙauna ba. Lyten na Kaliforniya yana ƙera su, Stellantis mai Peugeot ya zuba masa jari a 2023, kuma a ƙarshen 2024 Stellantis ɗin ya ƙulla yarjejeniya da Zeta Energy kan batirin mota nan da 2030. Ina shakkar wa'adin, domin farar wuta ba ta da nauyi amma tana cin wuri, ƙarƙashin mota kuwa a ƙididdige yake.