Shari'ar talaka daga tagar magatakarda take farawa

Bayan da hanyoyi suka buɗe, jama'a suka fara komawa gidajensu, na raka Gwaggona kotu har sau biyar cikin wata uku. A duk zuwan nan sau ɗaya tak muka ga fuskar alƙali, kuma zaman bai kai minti ashirin ba. Sauran ranakun a gaban wata 'yar taga mai ƙarafa muka ƙarar da su, inda wani dattijo mai tabarau yake zaune tsakanin tarin takardu. Tun daga lokacin na sauya tunani a kan abin da muke kira shari'a. Mu dai idan an ce kotu, Maulana muke hangowa a kan kujerarsa. Amma haƙƙin talaka yakan rayu ko ya mutu tun kafin Maulana ya ji sunansa, a hannun mutanen da ke karɓar takarda, su ba ta lamba, su sa rana, su aika sammaci, su adana fayil. Mu Hausawan Jazira da Sinnar da Nilul Azraƙ, da muka fi kowa shan wuyar takarda a ƙasar nan, bai kamata mu ci gaba da kallon wannan aiki kamar ba namu ba.

Ga yadda abin ya faru. Mijin Gwaggo ya rasu da daminar 2022, ya bar ta da 'ya'ya shida, da gida, da ɗan fili a bakin kogi inda suke noman albasa da kuɓewa. A farkon 2023 aka buɗe maganar gado a kotu, aka saurari shaidu, saura kawai a fitar da i'ilam shar'i, wato takardar da ke lissafa magada da rabon kowannensu. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Madani ta faɗa hannun 'yan Da'ama a Disamban shekarar, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, Gwaggo da yaranta suka gudu Gadarif kamar dubban mutane. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, Madani kuma a Janairun 2025. Da ta dawo sai ta tarar ƙanin mijinta ya riga ya nome filin, yana cewa ai na mahaifinsu ne, ba a taɓa raba shi ba.

Kotun da muka je, ƙofofinta ma sababbi ne, don an ɓalle na da. An ƙone wasu fayiloli, wasu an watsar da su a tsakar gida ruwan sama ya gama da su. Dattijon ya dubi Gwaggo ya ce, "Ya Hajja, mece ce lambar fayil ɗinki?" Ta juyo gare ni ta ce, "Ɗan nan, me yake cewa?" Larabcin kasuwa tana jin sa sarai, amma na ofis kam sai a hankali. Da na yi mata bayani sai ta kwance bakin tobinta, ta fito da wata leda da ta je Gadarif ta dawo tare da ita. A ciki akwai ƙasimar aurenta da rasidin kuɗin da aka biya ranar buɗe ƙara, Urnik 15, an rubuta lambar da biro a bayansa. Dattijon ya tashi ya ɗauko wani babban littafi mai baƙar fata. Ya ce mana wata abokiyar aikinsa ce ta fita da shi cikin buhun dawa ranar da gari ya rikice. Fayil ɗin Gwaggo ya tafi, amma layinta yana nan a littafin: lamba, kwanan wata, sunan mamaci, ranar zaman ƙarshe, da abin da aka tsaya a kai. Da wannan layi ɗaya alƙali ya ba da izinin a sake gina fayil ɗin, a kira shaidu.

Maƙwabciyarta kuwa, wadda ita ma take da maganar gado, ba ta da rasidi, ba ta tuna wata ko shekarar da aka buɗe ƙararta ba, littafin da aka rubuta ta a ciki kuma bai tsira ba. Har yau tana kai da kawowa. Alƙalinsu ɗaya, dokarsu ɗaya, gaskiyarsu ma ɗaya. Abin da ya raba su shi ne layi guda a littafi.

Mu tsaya mu lissafa hannayen da takarda ke bi kafin ta isa teburin alƙali. Akwai ardahalji da ke zaune a bakin ƙofa yana rubuta wa mutane arida. Akwai muraƙib, mai kula da tafiyar ofishin baki ɗaya. Akwai magatakardan da ke shigar da ƙara cikin littafi ya ba ta lamba. Akwai mai karɓar kuɗi ya yanka rasidi. Akwai mu'ulin da zai ɗauki sammaci ya nemo wanda ake ƙara, ko da a kambo yake a ƙarshen tura'a, inda babu sunan titi balle lambar gida. Akwai hajib mai kiran suna a bakin zaure. Idan mu'ulin bai kai sammaci ba, za a ɗage zama. Idan magatakarda ya sa rana bai sanar ba, mai ƙara zai iya rasa zamansa a kore ƙararsa. Idan fayil ya shige ƙarƙashin wani, wanda ke tsare zai ƙara makonni yana jira. Ga kuma abin da da yawanmu ba su lura da shi ba: a Sudan rajistar filaye tana ƙarƙashin hukumar shari'a ne, bisa tsarin dokar rajistar ƙasa ta 1925, shekarar da aka kammala madatsar nan ta Makwar. Ke nan shahadat bahas ɗin da ke tabbatar da cewa gidanka naka ne, daga hannun irin waɗannan ma'aikata take fitowa.

Wanda yake shakkar nauyin aikin nan ya dubi Najeriya. A watan Afrilun 2021 ƙungiyar ma'aikatan kotuna, JUSUN, ta shiga yajin aiki, aka rufe kotunan ƙasar sama da wata biyu. Alƙalan suna nan lafiya lau, da iliminsu da rigunansu, amma shari'a ta tsaya cak, daga Legas har Kano.

To me ya sa na ce mu abin ya fi shafa? Dalili na farko tarihi ne. Kakannin mutanen Mai Wurno sun iso bakin kogin nan ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas. Wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su, kafin wannan lokaci da bayansa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Da wannan sharaɗi aka bar zuri'a guda a waje, mutanen da suka haƙa magudanai suka tsinci audugar Jazira. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma har gobe Bahaushen da ya je neman raƙam watani ya san irin ƙarin tambayoyin da ke jiransa. Rikicin Nilul Azraƙ na Yuli da Oktoban 2022, wanda ya ci rayuka da yawa a Rusairis da Wad al-Mahi, shi ma a kan ƙasa da sarauta ya taso, a kan tambayar wa ke da haƙƙi a ina. Mutumin da kullum ake ce masa ya kawo hujja, ba shi da gatan da ya wuce littafin da aka rubuta daidai aka kuma adana.

Dalili na biyu suna ne da harshe. Matsala ta biyu da Gwaggo ta ci karo da ita ke nan. A ƙasimar aure sunan mijinta Garba, a takardar fili kuwa Abbakar. Kowane Bahaushe ya san Garba da Abubakar abu ɗaya ne, kamar yadda Mamman yake Muhammadu, Shehu yake Usmanu. Amma takarda ba ta san haka ba. Sai da muka kawo dattawa biyu aka yi ishhad shar'i cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, abin da ya ci mana zuwa biyu da kuɗin raksha da yinin aiki. Ka ƙara da sunaye irin su Ɗanladi da Ɗanjuma da Talatu, waɗanda kowane marubuci yake rubuta su da haruffan Larabci yadda kunnensa ya ji. A ƙasar da ake gane mutum da suna huɗu a jere, harafi ɗaya a sunan kaka ya isa ya raba 'yan'uwa ciki ɗaya a idon hukuma. Magatakardan da ya san Hausa, ko wanda ya yi haƙurin cewa "sake faɗa mini", da ya kashe wannan wuta tun ranar farko.

Addininmu ma bai raina wannan aiki ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da adalcin marubuci, da kafa shaidu. Littattafan Malikiyya da kakanninmu suka ɗauko a gafakarsu, irin su Muhtasar na Halil, sun yi maganar cewa alƙali ya riƙi marubuci amintacce da tafinta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami ne don mutanen Kano su san yadda ake tafiyar da mulki da shari'a. Mu jikokin masu alƙalami ne. Abin kunya ne a ce yau sai mun nemi wanda zai karanta mana sammaci.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce, "Ustaz, yabon su kake yi, alhali su ne masu ɓoye fayil sai an miƙa na shayi." Ban musa ba, akwai irin su, kuma zaluncinsu ya fi zafi don a kan marar ƙarfi yake sauka. Amma wannan ma hujja ce a kan maganata: da aikin ba shi da ƙarfi, da babu wanda zai saye shi. Maganin shi ne a rage duhu. A liƙa jerin ƙararrakin kowace rana a bango, a liƙa kuɗin kowace takarda, a ba kowa rasidi, a kuma biya ma'aikaci albashin da zai kai shi ƙarshen wata. Ni malamin makaranta ne, na san yadda albashin gwamnati ya narke a shekarun nan, ban kuma ga dalilin da zai sa na magatakarda ya fi nawa auki ba.

Wasu kuma za su ce, me ya kai mu kotu, ga judiyya, ga umda, ga Sultan, ga limamai? Sulhu alheri ne, kuma sau da yawa ya fi hukunci ɗorewa. Gwaggo ma a ƙarshe dattawa ne suka zaunar da ita da ƙanin mijinta. Sai dai bai sassauto ba sai da ya ga takarda mai hatimi. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci da bakin dattawa, ofishin fansho ba ya jin "kowa ya sani", rajistar filaye ba ta sauya suna da shaidar unguwa. Idan an yi sulhu a kai shi kotu a rubuta, don dattawan da suka shaida ba za su dawwama ba. Ɗaya daga cikin shaidun Gwaggo na farko a gudun hijira ya rasu.

Abin da nake roƙon hukumar shari'a a jihohin Sinnar da Jazira da Nilul Azraƙ ba mai tsada ba ne. Na ɗaya, a fito da hanya guda bayyananniya ta sake gina fayil ɗin da yaƙi ya ci, a sanar da ita a rediyo da masallatai, da Larabci da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan yankin, kada a sa wanda ya riga ya biya ya sake biya. Na biyu, duk littafin rajistar da ya tsira a ɗauki hotonsa shafi-shafi, a ajiye kwafi a wani gari daban. Ƙasar da ake sayen tumatir da Bankak ba za ta ce ɗaukar hoton littafi ya gagare ta ba. Amma kada a yar da takarda saboda kwamfuta, domin mun ga yadda wuta da intanet suke ɗaukewa na tsawon makonni. Na uku, a samar da tafinta rantsattse a kotunan da ke kusa da garuruwanmu, maimakon a leƙa waje a kira duk wanda ke wucewa, wanda wataƙila ɗan'uwan abokin shari'a ne. Na huɗu, ma'aikatan da suka ceci littattafai da kasadar ransu a neme su a karrama su.

Sauran aikin namu ne. Aure a ɗaura shi gaban ma'azun a karɓi ƙasima. Haihuwa a yi mata rajista, a kuma tsaya a kan rubutu ɗaya na sunan uba da kaka ga dukan 'ya'ya. Gado kada a bar shi shekara goma ana cewa ai mu 'yan'uwa ne. Duk wanda ya shiga kotu ya rubuta lambar ƙararsa da ranar zama a wuri biyu, ya ɗauki hoton rasidi ya tura wa ɗan'uwa a wani gari. Matasanmu masu karatu su ware yini guda a mako su raka tsofaffi da zawarawa.

Sannan mu daina raina aikin ofishin kotu. Idan na tambayi ɗalibaina abin da suke son zama, likita da injiniya da soja nake ji, wani lokaci lauya. Ban taɓa jin wanda ya ce magatakarda ba. A bana na fara sa su rubuta arida a darasin Larabci, da cike fom, da rubuta sunayensu huɗu ba tare da kuskure ba. Wata yarinya ta tambaye ni, "Ustaz, wannan zai fito a jarrabawa?" Na ce mata wataƙila ba zai fito ba, amma wata rana mahaifiyarki za ta tsaya a gaban taga, kuma ina so a ce ke ce a zaune a ciki.