Sakamakon BEPC a Dungas: yaran ne suka faɗi ko mu ne?



Ranar da aka faɗi sakamakon BEPC ina tsaye a filin wata kolej ta yankinmu, na raka ƙanwata. Aka fara kiran sunayen waɗanda suka ci, kafin mutane su gyara tsayuwa jerin ya ƙare. Sunanta bai fito ba. Muna hanyar gida wani dattijo ya ce, "Yaran yanzu ba su da ƙwaƙwalwa, sai waya." Na yi shiru don girmansa, amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ni ma ɗan lakkol ɗin ƙauye ne kafin Allah ya kai ni jami'a. Na san BEPC ba wasa ba ce. Ita ce ƙofar lise da makarantun koyon sana'a bayan shekara huɗu, daga sizyem zuwa turwazyem. Yaron da ya faɗi sau biyu, yawanci sai gona ko ci-rani a Najeriya. Yarinya kuwa, sai a fara zancen aure tun kafin hawayenta su bushe.

Matsalar ba ta Dungas kaɗai ba ce. A 2021, a faɗin Nijar, kusan ɗalibi ɗaya ne cikin biyar ya samu BEPC. In yara huɗu cikin biyar suka faɗi jarrabawa ɗaya, ai ba a ce duka huɗun malalata ne. Sai a duba abin da aka zuba musu kafin a auna su.

Mu fara da kwanakin karatu. A takarda ana komawa makaranta a watan Oktoba, daidai lokacin da ake girbin gero da wake da riɗi, yara suna gona. Inda aji na zana ne, sai an jira kara ya samu kafin a kafa rumfa. Da hadarin farko ya taso, iska ta kwashe ta, shekara ta ƙare ke nan. A tsakiya ga yajin aiki in kuɗin malaman kwantaragi ya yi jinkiri. To amma takardar jarrabawa ɗaya ce, da ta ɗan Yamai mai aji na siminti da ta ɗan Gushi ko Malawa ko Dogo-Dogo. Kuma kar mu manta, irin waɗannan rumfuna ne suka ci rayukan yara a Yamai cikin Afrilun 2021, da kuma Maraɗi cikin Nuwamban wannan shekarar.

Sai tushe. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke gama firamare, ko ɗaya cikin goma bai kai matakin karatun da ake buƙata ba. An yi shekaru ba a yin jarrabawar CFEPD kafin a dawo da ita a 2024, yara suna ta wucewa sizyem ba tare da an tabbatar sun iya karanta layi biyu ba. Na zauna da ƙanwata muna bitar lissafi. In na faɗa mata tambayar da Hausa, nan take ta warware. In ta karanta da Faransanci, sai ta tsaya tana kallon takarda. Lissafin ta iya shi, tambayar ce ba ta gane ba. Abin takaici, a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Madalla, amma ɗan sizyem bai gani a ƙasa ba tukuna.

Sai nisa. Ba kowane ƙauye ke da kolej ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai bar gidan ubansa ya zauna wurin mai masauki, shi ma mai masaukin da kyar yake ciyar da nasa. Yarinya ta zama mai ɗebo ruwa da wanke-wanke, da dare babu fitilar bita. Wa zai ci jarrabawa da yunwa?

Amma kar mu ɗora wa gwamnati kaya duka mu koma gefe. Mu ma muna da laifi. Iyaye nawa ne suka taɓa zuwa makaranta su tambayi makin ɗansu kafin ranar sakamako? Mu nawa ke cire yaro daga aji ran kasuwa, ko mu tura shi Maigatari da dabba? Wasunmu ba sa tuna makaranta sai jarrabawa ta matso, sannan a shiga neman wanda zai "taimaka" da satar amsa. Wannan cuta ce, ba taimako ba. Takardar da aka samu ta haka, a lise take tona asirin mai ita. Mu kuma da muka yi karatu, hutu ya zo muna zaune a fada muna shan shayi, ƙannenmu suna fama da darasin da za mu iya fayyace musu cikin awa ɗaya.

Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta tun 2011, bayan an cire ta daga Magarya. Ke nan muna da hukumomin da za mu yi wa magana kai tsaye. Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema:

Na ɗaya, a liƙa sakamakon kowace kolej a fili, darasi bayan darasi, maza daban mata daban, don mu san inda ciwon yake.

Na biyu, kwamitin COGES na kowace makaranta ya kira taron iyaye bayan sakamako, kuma ya riƙa ƙirga kwanakin da aka yi karatu da waɗanda aka rasa, da dalilin rasa su.

Na uku, a gwada karatun duk yaron da ya shigo sizyem a makon farko. Wanda bai iya ba a ware masa lokaci na musamman. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba a turwazyem ba.

Na huɗu, a biya malamai kan kari, a kuma sa ginin azuzuwa gaba a kasafin ƙananan hukumomi.

Na biyar namu ne. Duk ɗalibin jami'a ko mai BAC da ya zo gida hutu, ya tara yara biyar na unguwarsu ya yi musu bita kyauta. Ni na fara da ƙanwata da ƙawayenta a zauren gidanmu.

Ta yarda za ta maimaita aji, baba ma ya yarda bayan doguwar magana. Amma in ta koma ta tarar da rumfar nan da rashin malamin nan, me zan ce mata baɗi? Mu je makarantun ƙauyukanmu tun ranar buɗewa, kar mu jira ranar kiran sunaye.

Allah ya ba yaranmu sa'a, mu kuma ya ba mu ikon sauke nauyinsu.