Murjanin da "ba ya buƙatar haske": kar a yaudare ku

1/ Jama'a ku ɗan ba ni minti biyar. Abokina ya turo min bidiyon wani mai sayar da halittun teku, yana tallan murjani mai rai na sakawa a akwatin gilashi. Wai irin wanda ba ya buƙatar haske ne, don haka ya dace da mu da wuta ba ta zama. Wallahi raina ya ɓaci.

2/ Ni ɗan Tsaskiya ne, ina karatun harkar kifi a jami'a. Abokin nan har ya fara tara kuɗi zai yi oda daga Legas. Na ce masa ya dakata, ya ce hassada nake. To bari in faɗa a fili kowa ya ji.

3/ Da farko, murjani dabba ce. Ba fure ba ne, ba dutse ba ne. Ƙananan halittu ne masu baki, suna zaune a haɗe. Yawancin na akwatin gilashi suna da gansakuka a jikinsu, ita ke haɗa musu abinci da haske.

4/ Wanda ake tallan nan ba shi da wannan gansakukar. Ma'ana duk abin da zai ci, kai za ka ba shi. Haka ake yi da irin su Tubastraea: kana bin bakunan da bututu kana ɗura musu abinci. Dendronephthya kuwa ƙwayoyin abinci masu yawo a ruwa take tacewa kusan ba tsayawa, kuma ko a hannun ƙwararru a Turai da Amurka yawanci a 'yan watanni take mutuwa.

5/ Mai rassa kamar mafici, wanda ake kira gogoniya, sai ruwa yana kaɗawa ta jikinsa dare da rana kafin ya samu abinci. Injin juya ruwa ya tsaya, shi ke nan an fara lissafi.

6/ Yawan abincin nan kuma shi ke ɓata ruwa. Sai injin tacewa, sai canjin ruwa a kai a kai. Ruwan ma tatacce, a haɗa shi da gishirin teku na musamman, kusan giram 35 a kowace lita. Gishirin miya ba ya yi. Ruwan burtsatse kai tsaye ba ya yi.

7/ Zafin ruwa ya tsaya wajen 24 zuwa 26. Mu nan a watan Afrilu muna haura 40. Kenan sai injin sanyaya ruwa, sai firiza don abincin. Duk da wace wutar? Fitila kaɗai aka cire maka, sauran injinan suna nan, har sun ƙaru. Wannan ne mai tallan bai faɗa ba.

8/ Wani zai ce ai kuɗinsa ne. Haka ne. Amma rai ne za a ciro daga teku, a yi tafiyar sama da kilomita 1,000 da shi daga Legas, ya zo ya mutu da yunwa saboda bidiyon sakan 30. Mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa ba abinci.

9/ Abin da ya fi taɓa ni: mu ba baƙin murjani ba ne. Jan murjanin da kakanninmu mata ke adanawa, na asalin, daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Shi ma dangin gogoniya ne marar buƙatar haske. Kaurinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita 1 a shekara. Tsakiya guda a wuyan Kaka, shekaru ne masu yawa a ƙarƙashin teku.

10/ Ban ce ɗan ƙauye kar ya yi buri ba, ni ma ina da shi. Kana son kiwon ruwa? Fara da kifin ruwan daɗi, ko tarwaɗa a tanki. Ka riƙe su shekara guda lafiya, ka koyi gwajin ruwa.

11/ In kana da sola da inbata da za su riƙe injina awa 24, da lokacin ciyarwa kullum, bismillah, zo mu yi karatun tare. In babu, dan Allah ka bar shi a teku.

12/ Abokina, na san kana karantawa. Riƙe kuɗinka tukuna, gobe in mun haɗu ka zage ni son ranka.