Yaranmu suna rubuta labari, amma babu mutum a cikinsa



Duk wanda ya taɓa buɗe littafin insha'in ɗansa na sakandare ya san labarin nan, ko da Turanci aka rubuta shi ko da Hausa. Akwai yaro mai biyayya, akwai abokinsa marar jin magana. Marar ji ya bi abokan banza, ya faɗa shaye-shaye, 'yan sanda suka kama shi, ya yi da-na-sani. Mai biyayya kuwa ya zama likita. Malami ya sa jan biro ya ba da maki, shi ke nan. Sunayen kawai ake sauyawa, yau Musa da Isa, gobe Audu da Bala. Ka rufe littafin, bayan minti biyar ba za ka tuna ko ɗaya daga cikinsu ba, domin tun farko ba mutane ba ne, alluna ne aka rataya wa "nagari" da "mugu".

Mu a ganinmu yaran ba su da laifi. An koya musu jigo, an koya musu cewa labari sai da darasi a ƙarshe, amma ba a zauna an nuna musu yadda ake gina tauraro ba, wato mutumin da labarin ke tafiya a kansa. Kuma abin mamaki, gadonmu ne muka bari.

Ku tuna Gizo. Kakanninmu da ba su shiga aji ba sun ba shi kwaɗayi, sun ba shi wayo, sun ba shi tsoro, har da tsamin baki suka ba shi, yadda da mai tatsuniya ta karya harshe yara sun san wanda ya iso. Ba a taɓa tsayawa a ce "Gizo makwaɗaici ne" ba. Sai dai a gan shi yana ƙulla dabarar da zai cinye rabon Ƙoƙi.

Haka Abubakar Imam ya yi a Ruwan Bagaja, littafin da ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Alhaji Imam, wanda shi ne babban tauraro, ya bar gida da kyakkyawar niyya, zai nemo ruwan da zai warkar da ɗan Sarki ya kuma wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Amma a hanya ya yi ƙarya, ya yi damfara, shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suka yi ta rama wa juna tsiya gari bayan gari. Da yaronmu na yau aka ba wannan labari, da ya mayar da Alhaji Imam waliyyi, Zurƙe kuma ya mutu a kurkuku. Da kuwa ba wanda zai riƙa ambaton Zurƙe bayan shekara 90. Haka Rabi ta cikin Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu: mai karatu yana jin zafin korar da mijinta ya yi mata ne saboda ya gan ta tana dafa abincin sayarwa don ta riƙe 'ya'yanta, ba don marubuciyar ta ce a tausaya mata ba.

To yaya ake koyar da wannan? Ba sai da kayan aiki masu tsada ba. Malami ya hana yaro kalmomin hukunci na mako guda: ba "mai kirki", ba "mugu", ba "mai haƙuri". Sai ya ce masa, nuna mini. Yaron da ya saba rubuta "Musa yaro ne mai gaskiya" zai tilastu ya rubuta wani abu kamar haka: Musa ya ƙirga canjin sau biyu, ya ga mai shago ya yi masa ƙarin naira 200, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon mai tallan gyaɗa. A nan mai karatu ya fara tambaya, zai mayar ko ba zai mayar ba? Wannan tambayar ita ce ran labari. In ma ya mayar, mun ga abin da mayarwar ta ci masa.

Daga nan sai a tambayi yaron: me tauraronka yake so, kuma me ya tare masa hanya? Yawancin yara a nan suke yin shiru, saboda ba su taɓa tunanin cewa "mugun" nasu ma yana da abin da yake nema ba. Wataƙila kuɗin rajistar jarrabawa yake nema, wataƙila so yake a daina raina shi a layi. Sanin dalilinsa ba ya wanke shi, amma yana sa a yarda cewa akwai irinsa a duniya.

Sai kunne. Yaranmu da suka tashi a nan Kudu suna da wata dukiya da ba su san da ita ba. A rana guda yaro zai ji Hausar kakarsa, ya ji Yarabancin maƙwabta, ya ji burokan na kwandasta, ya ji Turancin aji. A tura shi ya zauna wajen mai shayi ko a bakin kasuwa na rabin awa, ya dawo da jimloli biyar daidai yadda aka faɗe su. Zai gane da kansa cewa dattijon da ke sayar da goro ba ya magana irin ta ɗan acaɓa. Sharaɗi ɗaya dai, kuma muna jaddada shi: ba a ɗauko maƙwabci da sunansa a sa a takarda. A ɗauki tafiyar wannan, a haɗa da maganar wancan, a ba shi sabon suna. In ba haka ba an koma gulma.

Mun san abin da wasu malamai za su ce, kuma suna da hujja. A jarrabawar WAEC ta Turanci kalmomi kamar 450 ake nema, cikin ƙasa da awa guda, ga tsoron kuskuren nahawu. Ina yaro zai sami filin gina mutum? Amsarmu ita ce ƙarancin fili shi ne ma ya sa ake bukatar wannan horo. Wanda ya iya zaɓen motsi ɗaya da magana ɗaya da za su tsayar da mutum a gaban mai karatu ya fi wanda zai ɓata rabin shafi yana jero kyawawan halaye. Mai duba takarda ɗan Adam ne, ya karanta labarin yaro nagari da mugun aboki ya fi a ƙirga kafin ya iso kan ta ɗanka.

Akwai kuma abin da ya fi maki. Dukkanmu mun ga yadda ake fito da Bahaushe a yawancin finafinan Kudu: mai gadi, da 'yar rediyo a kunne, da gurɓataccen Turanci, sunansa "aboki". Wannan ma allo ne aka rataya, irin dai na littafin insha'in can. Kada kuma mu yi saurin nuna yatsa, don a namu wasannin barkwancin Bayarabe kullum mai hayaniya ne, Ibo kullum kuɗi yake ƙirgawa. Yaron da aka horar ya tambayi abin da mai gadi yake so, wa ya baro a gida, me yake tunani da ƙarfe uku na dare, shi ne wata rana zai rubuta mu yadda muke, kuma zai yi wa maƙwabcinsa adalci in ya zo rubuta shi. 'Yan matanmu ma ga ƙofa a buɗe, tun 2016 Sashen Hausa na BBC yake gudanar da gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata.

Muna roƙon malamanmu na darasin yamma su ware ko da rana ɗaya a mako domin wannan. Iyaye kuma, in yaro ya kawo muku labarinsa, kafin ku tambayi makin da ya ci, ku tambaye shi me mutumin cikin labarin yake so. Wanda yake da tsohon kwafin Ruwan Bagaja, Magana Jari Ce ko Shaihu Umar da yake kwance a akwati, ya taimaka ya kawo ofishin ƙungiya, za mu rubuta sunansa a jiki mu riƙa ba yara aro.

Sakatare